Ranar da Abarshi Ya Gwada Lasifika

Abarshi ɗan Na'Allah mai shela ne, gadon ubansa. Ta wajen aiki na san shi. Ni akawu ne a wani buro, wato ofishin gwamnati, a Birnin Ƙonni, kuma a shekarun da nake magana a kansu duk sanarwar da za a kai wa jama'a, ta rigakafin shanu ce ko ta yashe rijiya ko ta taron masu unguwanni, sai ta bi ta teburina kafin ta kai bakinsa. Bai yi lakwal ba, wato makarantar boko. Nakan karanta masa takarda, ya sunkuyar da kai yana murza gemu, ya ce in sake, sannan ya tashi ya fita. Ban taɓa jin ya ƙara kalma ko ya rage ba. Dogo ne siriri, in ka gan shi ba ka ce akwai murya a ƙirjinsa ba, amma in ya ɗaga ta a bakin kasuwa har masu jaki a bayan gari sukan tsaya.

Gidansu suna da ƙa'ida guda da kowa ya sani, daga Ƙonni har ƙauyukan Bazaga da Alela. Kafin mai shela ya faɗi komai sai ya faɗi wanda ya aiko shi. Yakan ce, "Bakina aro ne, maganar komanda ce," wato shugaban hukumar gari, ko maganar sarkin kasuwa, ko ta wane da akuyarsa ta ɓace. Da haka nauyin magana yana kan mai ita. In kuwa aka ji ya shiga magana kai tsaye bai ambaci kowa ba, to shi ne mai maganar, ya gani da idonsa, ya ɗauka a wuyansa. Wannan ba ya faruwa sai da babban dalili. Har yau ana tuna ranar da ya fito haka ya ce kada kowa ya sha ruwan rijiyar bayan kasuwa, don ya ga mushen kare a ciki. Ba wanda ya tsaya tambaya. Mata suka juya da tulunansu wofi.

Zuwa shekarar 1988 gari ya fi ƙarfin maƙogwaron mutum ɗaya. Motocin siminti na Malbaza suna ruri a kan kwalta, injinan niƙa a kowace unguwa, ga babura. Abarshi ya sayar da shanun huɗarsa ya sayi tsohuwar Pijo mai buɗaɗɗen baya a hannun wani mai safarar albasa. Akwai rediyo a cikinta da 'yar lasifika a jikin ƙofa, wadda ko direba ba ya jin ta in mota tana tafiya. Abin da yake so shi ne kayan da za su kai muryarsa ƙarshen kasuwa, kuma waɗanda ɗan abin da ya rage a hannunsa zai iya saye. A lokacin naira ta faɗi, kayan hayin iyaka sun yi araha, amma a cikin arahar nan akwai na kirki akwai tarkace, shi kuwa bai san bambancinsu ba.

Wanda ya sani shi ne Maikano mai gyaran rediyo, da ke da shago kusa da tasha. Kakanninsa fatake ne daga wajen Sakkwato, amma a Ƙonni aka haife shi, kuma shi da Abarshi wanzami ɗaya ya yi musu kaciya rana ɗaya. Shi ne abokin ango a auren Abarshi. Kwano ɗaya suke ci da rana a bakin shagon. Da Abarshi ya gaya masa bukatarsa, Maikano ya ce kada ya kuskura ya je kasuwa shi kaɗai, zai kawo masa iri-iri daga Sakkwato su gwada, wanda bai yi ba ya mayar.

Ina wurin ranar gwajin, don buronmu ne zai fi hayar motar, kuma an ce in je in ji. Ƙarshen damina ne, wake ya fara nuna, da hantsi. Maikano ya jera kayan a bayan mota a filin da ke bayan shagonsa. Ampili guda biyu, wato akwatin da ke ƙara wa murya ƙarfi, babba da matsakaici. Lasifika iri uku: ta takarda a cikin akwatin katako, sabuwa mai bakin kakaki tana sheƙi, da wasu tsofaffi guda biyu na ƙarfe, su ma masu bakin kakaki, duk sun lotse, fentinsu ya ɓare.

Abarshi ya ɗora hannu a kan babban ampilin. Maikano ya ture hannun.

"Sauke, ɗan sarki. Wanga shan batir gare shi kamar raƙumi ga rijiya. Ka yi shela Malbaza, ka dawo Ƙonni da turi. Kuma in ka haɗa shi da ƙaramar lasifika, ƙone ta shikai."

"To ƙaramin hwa?"

"Matsakaici ne, ba ƙarami ba. Daidai da batirin motarka, daidai da aljihunka. Kai da ka saida shanu, ba ka saida raƙuma ba."

Aka haɗa wayoyi, aka ba Abarshi makirfo. Ya yi gyaran murya, ya yi sallama, sai ya tsaya. Matsalar ita ce mai magana ba ya jin yadda maganarsa take isa nesa. In ya tsaya kusa da mota yana ihu, ƙarar ce kawai take dukan kunnensa. Ya ce ni in tafi can ƙarshen fili in saurara, na je na dawo na ce ana ji. Ya ce shi ba ji yake tambaya ba, so yake ya san ko muryar tasa ce take zuwa ko ta wani.

Maikano ya shiga shago ya fito da rakoda. Ya ce abu mai sauƙi ne: a ɗauki muryar a kaset, a riƙa sa ta cikin kowace lasifika, shi kuma Abarshi ya tafi nesa ya ji kansa da kunnensa. Shawarar ta yi mana daidai duka.

"To mi zan ce?" in ji Abarshi.

"Ka ce komi mana. Kai da ka gaji magana."

"Ba a shela ga bango, aboki. Sai da abin faɗi."

Maikano ya waiwaya cikin shago kamar mai neman abu, ya nuna wani buhu a lungu, cike da ƙananan ƙulle-ƙullen leda na farar hoda. Ya ce wani ne ya ajiye masa, wai maganin ƙwarin wake ne. "Yabi wagga. Yi muna irin ta masu maganin kasuwa mu sha dariya."

Abarshi gwanin kwaikwayo ne, abin da mutanen gari da yawa ba su sani ba. Maikano ya danna rakoda, shi kuma ya ɗauki ƙulli ɗaya ya ɗaga sama, ya buɗe murya. Ya kira manoman wake, ya ce wahala ta ƙare, a bar cuɗa wake da toka, a bar yashi, a bar barkono. Ya ce ƙulli ɗaya cikin rumbu, ƙwaro ko ya zo da takardar komanda ba ya shiga. Ya ce wake ya kai damina sumul kamar ranar da aka sussuke shi. Maikano ya riƙe ciki yana dariya, ni ma na yi.

Da ya gama na ce masa cikin raha, "Yau dai ba ka faɗi mai aike ba."

Ya dube ni, dariyar ta ragu a fuskarsa. "Akawu, wa ya aike ni? Wasa ne. Ba a sa kalmar ubana cikin wasa."

A ƙarshen filin nan akwai darbejiya, a gindinta Balki yayar Abarshi take tuyar waina. Can Abarshi ya je ya tsaya ina biye da shi, ya ce mata kada ta waiwaya, ta dai faɗi abin da ta ji. Aka fara da ta akwatin katako. Kusa da mota daɗinta ba a magana, murya cike kamar mutum yana gabanka, amma kafin ta kai darbejiya ta narke. Balki ta ce wa ke gunaguni. Maikano ya ƙwala mana cewa dama wannan ta kiɗa ce cikin ɗaki, kuma rana da ruwa ba sa barin takarda. Aka sa sabuwar mai sheƙi. Ta kai, har ta wuce, amma muryar ta koma siririya tana karkarwa.

"Wanga ba ƙanena ba ne," in ji Balki. "Agwagwa ce anka taka."

"Ke dai Yaya, saurara da kyau."

"Na saurara. In da haka Inna ta haife ka da mun ba da kai sadaka."

Aka haɗa tsofaffin nan biyu da matsakaicin ampili. Maikano ya ce daga wani gidan siliman da ya mutu aka ciro su, ƙarfensu mai kauri ne. Da kaset ɗin ya fara, Balki ta tsaya da juya waina, tsinke a hannunta. Ta ce, "To, wanga Abarshi ne." Na dubi fuskarsa. Bai taɓa jin muryarsa daga nesa ba sai ranar. Ya saurara har maganar hodar ta ƙare, sannan ya ce a sake.

Su ya ɗauka, kuma su ne mafi araha. Maikano ya sa maƙeri ya yi musu mazauni a kan rufin mota, ɗaya na kallon gaba ɗaya baya, ya ja waya daga batir, ya sa fis, ya ɗaure ampili a ƙarƙashin kujera inda zafin inji ba ya kai. Da Abarshi ya tambayi ladan aiki, Maikano ya ɓata rai ya ce yaushe aka fara haka tsakaninsu. Kaset ɗin kuwa ba wanda ya sake tuna shi.

Aiki ya buɗe wa Abarshi. Abin da dā yake yi a yini da ƙafa, yanzu kafin azahar ya gama. Buro ya riƙa aika shi Malbaza da Dogarawa, wani lokaci har Illela ta wajen Tawa. A cikin kakar nan mutane sukan tare shi su ce sun ji shi a kasuwar Bazaga, ko a wani ƙauye na Alela. Yakan yi murmushi ya ce Allah ya sa an ji alheri. Ya ɗauka ruɗewa suke yi da ranaku, tunda yanzu yawonsa ya yi yawa. Na kuma lura abin yana yi masa daɗi, a ce muryarsa ta kai inda ƙafarsa ba ta je ba.

Da bazara ta shigo, wata safiya yana tsakar buro yana jiran in karanta masa sanarwa, sai ga wani dattijo manomi daga Bazaga, Alkasum, da ƙwarya a rufe da faifai. Ya yi sallama, ya durƙusa, ya ajiye ƙwaryar a gaban Abarshi ya buɗe. Wake ne a ciki, ko in ce abin da ya rage na wake: ɓawo duk huda, gari a ƙasa, ƙwari suna yawo a kai.

"Ga hodarka, ɗan Na'Allah," in ji shi. "Har da irin shuka."

Abarshi ya ce wace hoda. Alkasum ya ba da labari a tsanake, ba faɗa. Da kaka wata mota rufaffiya mai labule ta riƙa zuwa kasuwanninsu, da lasifika a kai, muryar Abarshi tana fita. Wani baƙo ne yake sayar da hodar a bayan motar, in an tambayi mai shela sai ya ce yana ciki, rana ce ba ya so. Alkasum ya ce su da suka gaji toka da yashi tun kakanni ba za su bar su don maganar baƙo ba. Amma sun kasa kunne, sun ji Abarshi bai ce bakinsa aro ne ba, bai ambaci kowa ba. "Munka ce, to wanga ya gani da idonai." Suka zuba wake tsura a rumbu, suka barbaɗa hoda, suka liƙe. Da aka buɗe, ga abin da aka tarar. Hodar farar ƙasa ce da aka yayyafa wa kananzir.

Abarshi ya miƙe, ya bar sanarwar a hannuna, ya nufi tasha da ƙafa, ya manta da motarsa a ƙofar buro. Na bi shi.

Maikano yana zaune a kan benci da cikin wata rediyo a cinyarsa. Da ya gan mu ya ce, "A'a, ango da akawunsa. Ku zamna, shayi ya kusa."

"Ina kaset ɗina?"

Maikano ya ci gaba da taɓa waya. Can ya ce, "Wane?"

"Maikano."

"To, na ba mai hodar aro. Mi a ciki? Ni ma cuta ta ya yi, wallahi ban san hodar banza ce ba. Ya tsere, ko ni ban san inda shike ba."

"Ba hoda nike tambaya ba. Ranar da ka nuna min buhun ga, ka san abin da za ka yi da muryata?"

Maikano ya ajiye rediyon. "Kai ka faɗa da bakinka, ba wanda ya sa ma wuƙa. Ka ce in goge? Ba ka ce ba. Kuma tsaya in tambaye ka. Na tahi Sakkwato, na zaɓo ma kaya, na haɗa ma, na ce ka riƙe ladanka. Kai kana tsammani hannu kyauta ne, murya ce kaɗai mai tsada?"

Abarshi ya dube shi. Sannan ya ce, a hankali, "Da ka roƙe ni, da na yi ma shela har Tawa ban karɓi komi ba. Sai dai in ce maganarka ce."

"Shi ya sa ban roƙa ba," in ji Maikano.

Dattawan unguwa sun zauna a kan maganar. Maikano ya rantse bai san hodar ta banza ce ba, kuma mai yiwuwa a wannan gaskiya ya faɗa. An ce wa Abarshi ya kai ƙara wurin jandarma, ya ce ba zai iya tsayawa a gaban hukuma da wanda suka zauna tabarmar kaciya ɗaya ba. Bai sake bin hanyar shagon ba. Maikano ya rufe ya tafi Sakkwato na wani lokaci, da ƙura ta lafa ya dawo ya buɗe, kuma aiki bai yanke masa ba, don gari yana bukatar mai gyaran rediyo.

Ranar kasuwar Bazaga Abarshi ya tafi da motarsa don ya wanke kansa, ya roƙe ni in raka shi a matsayin shaida. Ya tsaya a tsakiyar kasuwa ya ɗauki makirfo ya fara bayani: yadda aka yi gwaji, yadda ya yi wasa, yadda aka ɗauki muryar. Lasifikun nan sun yi aikinsu, har 'yan awaki a gefen kasuwa suna ji. Wani daga cikin taron ya ɗaga murya ya ce, "Wanga kai ne ko kaset?" Aka yi dariya, ba ta mugunta ba. Abarshi ya fito ya hau bayan mota don a ga bakinsa yana motsi, ya sake daga farko. Wasu suka saurara, wasu suka koma cinikinsu.

Da ya sauko Alkasum ya zo ya kama hannunsa. Ya ce, "Mun yarda ba ka ci amanarmu ba, ɗan Na'Allah. Amma yanzu in munka ji ka, sai mun zo mun duba. Wanda ke nesa kuwa ba shi zuwa."

Haka kuwa aka yi. Da aka aike shi shelar rigakafin shanu a ƙauyukan nan, ranar da ma'aikatan dabbobi suka je garke kaɗan suka tarar. Da aka bincika, mutane suka ce sun ji mota ta wuce tana magana, ba su san ko da gaske ba ne. Daga nan buro ya koma aika takarda ga masu gari, su tara jama'a su faɗa musu. A cikin Ƙonni ya ci gaba da ɗan samun shelar biki da ta suna, har ita ma ta ja baya, don samari masu motocin kiɗa sun fito. Kafin shekarun siyasa su zo, lokacin da kowace mota mai lasifika ta samu aiki, ya riga ya kwance nasa ya sayar wa wani masallacin ƙauye. Motar ta koma ɗaukar albasa da siminti tsakanin Galmi da Malbaza da Ƙonni, da ita ya ciyar da iyalinsa.

Wata Laraba, shekaru bayan haka, na gan shi a bakin kasuwa yana sauke buhuna. Wani tsoho daga can cikin Alela, wanda da alama labarin bai kai masa ba, ya zo ya riƙe masa riga, ya ce jakinsa ya ɓace da kaya a kai, don Allah ya yi masa kira.

Abarshi ya ce, "Baba, in na kira, ko wanda ya ga jakin sai shi ce wasa ne. Wane launi gare shi?"

Tsohon ya ce aura ne, kunnen hagu a tsage. Abarshi ya ajiye buhun da ke kafaɗarsa, ya kulle mota, ya kama hannun tsohon, suka shiga kasuwa suna bin rumfa rumfa, yana sunkuyawa yana tambayar kowane mai kaya a hankali.